Ranar da Na Zagaye da Ja

Litinin, ƙarfe biyu da kwata na rana

A siton kyamis nake wannan rubutu, a kan kwalin maganin tari, don na kasa ƙirga wa mutane ƙwayoyi.

Ɗazu wani mutum ya shigo da jaka a hammata. Ta hagu ya tsaya mini, sai da ya yi magana sau biyu na ji, tunda wannan kunnen ya daina aiki. Na ɗauka mai kawo magani ne, har na ce ya jira Madam mai shagon. Ashe masinjan kotu ne. Ya miƙo mini sammaci a gaban wata tsohuwa mai jiran maganin hawan jini, ya ce in sa hannu. Na sa da jan biron da nake zagaye kwanan watan magungunan da suka kusa lalacewa. Ya ce da baƙi ake sawa, na sake.

Wancan mutumin ne ya kai ni ƙara. Ba zan rubuta sunansa a littafin nan ba, littafi ne mai tsada. Wai ni matarsa ce, na ƙi komawa ɗakina. Wai ya mayar da ni tun ina cikin idda.

Mutumin da ya sake ni da hannunsa, a rubuce, saki ɗaya, wata uku da wani abu ke nan. Na gama iddata tsaf, na yi wanka, na sayi sabon mayafi. Ko a mafarki ba wanda ya ce mini an mayar da ni.

Litinin, bayan magariba

Na gaya wa Yaya. Tana yankan albasa, ba ta ajiye wuƙar ba. Ta ce, “To, Auta, Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri.”

Yaya ce ta riƙe ni tun ina shekara tara da Umma ta rasu. Ita ta ɗauko ni daga asibiti ranar da ya lalata mini kunne, ita ta kinkimo akwatina da kanta ta kawo gidanta, ta kwashe kayan yaranta ta ba ni ɗakin. Mace ce da ko gyaɗa ka ce ka sayo sai ta tambaye ka nawa, a ina, wa ya auna.

Yau ba ta ce in nuna mata takardar ba. Gajiya ce, na san gajiya ce.

Laraba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Madam ta haɗa ni da wata lauya, 'yar gajera, mai magana da sauri kamar ana kora ta. Ofishinta hawa na biyu ne a saman shagon taya, fanka na juyawa amma iskar ba ta sauko inda muke ba.

Ta fayyace mini abin dalla-dalla. Saki ɗaya, miji na da damar mayar da matarsa muddin ba ta fita idda ba, ko da ita ba ta so. Idan ta fita, shi ke nan, ya zama baƙo kamar kowa. Shi yana cewa ranar sha biyu ga watan jiya ya mayar da ni, a gaban shaidu biyu. Saboda haka duk shari'ar a kan rana ɗaya take: yaushe na ga al'adata ta uku?

Na ce ranar tara, Laraba, da hantsi, ina tsaye a kanta. Ta ce to ya makara da kwana uku, tana buga biro a haƙorinta. Ta ce amma mutum ba ya zaɓar sha biyu haka kawai, wani ya ba shi lissafi.

Nan na ba ta labarin kalanda. Tun ranar da na zo gidan Yaya na ɗauki jan birona na zagaye ranaku uku a kalandar kicin, irin yadda nake yi wa magani, tun kafin ranar ta zo. Ta farko ta zo daidai, ta biyu daidai. Ta uku na zagaye sha huɗu, sai abin ya riga ni da kwana biyar. Ban gyara ba. A wurin aikinmu abin da ka zagaye da ja ba ka gogewa, hannu ya saba. Ban kuma gaya wa kowa a gida ba, don duk sanda na ce saura kwana kaza sai Yaya ta haɗe rai.

Lauya ta tambaye ni su wa ke shiga kicin ɗin. Na ce ni da Yaya. Ta dube ni, ni kuma na dubi fanka.

Ta ce in je in ciro mata shafin.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Shafin watan jiya ba ya nan. Yaya ta ce ta goge mai da shi.

Shekara nawa ina ganin kalandar gidan nan, naɗe shafi take yi ta baya, ba ta taɓa yagewa ba.

Alhamis, ƙarfe shida da rabi na safe

Na ƙona burodi. Ba abin da zan rubuta.

Asabar, ƙarfe ɗaya na rana

Ba ciniki, ana ruwa. Ina jera kwalaben sirof sai kofuna suka faɗo mini a rai.

Sha biyu ga watan jiya Asabar ce, ina aiki har shida. Da na koma gida na tarar da kofuna huɗu a wurin wanke-wanke, masu bakin zinaren nan da Yaya ke ɓoyewa a saman kabad, waɗanda ko mu ba ma shan ruwa da su. Na ce wa muka yi? Ta ce baƙin Injiniya ne, wato mijinta. Ni na wanke su da hannuna, na goge, na mayar.

Da na zauna a doguwar kujera na ji ƙamshin wani turare irin na wancan mutumin. Na ce wa kaina ai ba shi kaɗai ke sayen turaren nan a duniya ba.

Ba shi kaɗai ke saye ba. Kofuna kuma kofuna ne.

Talata, ƙarfe uku na rana

Zaman farko. Ɗakin kotun bai kai yadda na zata ba, benci biyar, tagogi biyu, agogon bango ya tsaya a kan tara saura. Alƙali dattijo ne mai magana ƙasa-ƙasa, sai da na karkata kai nake jinsa, har ya tambaya ko wuyana ke ciwo. Lauya ta ce kunne ne, ranka ya daɗe. Bai ƙara tambaya ba, wancan kuwa ya sunkuyar da kai yana duba takalminsa.

Ya yi ƙiba. Ya sa fararen kaya, yana ta “ranka ya daɗe” da wata murya mai laushi da ni ban taɓa ji a gidansa ba.

Aka kira shaida na farko, abokinsa mai shagon gilashi, ya faɗi abin da aka kawo shi ya faɗa. Aka kira na biyu. Na waiwaya in ga ko wane ne, sai ga Injiniya. Mutumin da da safen nan na miƙa masa shayi, ya ce na cika sukari.

Alƙali ya tambaye shi a ina aka yi maganar. Ya ce, “A falona.”

Ban san na miƙe tsaye ba sai da Lauya ta ja mini mayafi. An ɗaga zama zuwa mako biyu, su kawo hujjarsu a kan ranar, mu kawo tamu.

Talata, bayan la'asar

Yaya ta rantse ba ta san zancen ba. Ta ce ta dai ga ya zo, ta kai musu ruwa, ta koma ɗaki, maganar maza ce. Ta ce ba ta gaya mini ya zo ba don kada hankalina ya tashi. Ta yi kuka, ni ma na yi. Ta shafa mini kai kamar da.

Injiniya bai dawo gida da wuri ba. Ya kyauta wa kansa.

Laraba, ƙarfe bakwai na safe

Yaya ba ta sani ba.

Juma'a, ƙarfe goma na safe

Yaya ba ta sani ba. Injiniya ne, shi ma yana wucewa ta ƙofar kicin in zai je bayan gida. Maza bakinsu ɗaya.

Sai dai Injiniya ko ranar haihuwar 'ya'yansa bai sani ba, balle ya tsaya karatun kalanda.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Na yi wa Yaya kitso. Kanta a cinyata, tana ba ni labarin maƙwabciya da injin wankinta, ina amsawa. Furfura ta fara fito mata a gaba, na ƙirga guda bakwai. Ta ce duk ni na jawo mata su, muka yi dariya.

Can ta ce, ita dai a ganinta, mutum in ya gane kuskurensa bai kamata a rufe masa ƙofa ba. Na ce wane mutum? Ta ce a'a, magana ce kawai. Na ja gashin da ƙarfi ba da niyya ba, ko kuma da niyya, ban sani ba.

Talata, ƙarfe goma sha biyu na rana

Madam ta kama ni na ba wani yaro maganin manya, Allah ya sa bai fita ba. Ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan zafi. Ta kai ni sito ta zaunar da ni, ta zagayo ta dama, don ita ba ta taɓa mantawa.

Na gaya mata komai. Ta ce ranar tara ai ta tuna, ranar da motar kaya ta zo, na bar ta da kwali arba'in ni ina kwance a nan ina murƙususu, ita ta ba ni audugar mata da maganin ciwon mara. Ta ce za ta je ta faɗa ko a gaban wa. “Shekara ashirin ina sayar wa mata auduga, yau ga ranar da za ta kai ni kotu.”

Ta kuma ce ɗakin da ke bayan gidanta a buɗe yake in ina so. Na ce me zai kai ni, ina da gidan 'yar'uwata. Ta ce to, makullin dai yana cikin durowa.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Lauya ta kira. Ta ce a irin wannan magana ana karɓar ta mace, tunda jikinta ne, amma in suka fito da rubutun hannuna da ya ce sha huɗu, alƙali zai iya ganin na canja baki ne don in tsere. Ta ce in shirya.

Idan ya yarda da su, matarsa ce ni. Da ƙafata zan koma wannan gidan, wannan kicin ɗin, wannan bangon. Na rubuta ne don in gani da idona, na gani, ban ji sauƙi ba.

Talata, ƙarfe biyu na rana

Ban san ta inda zan fara ba.

Lauyansa ya fito da takarda, hoto ne aka buga babba, mai kala. Kalandar kicin. Sha huɗu a zagaye da ja, zagayena, da ɗan wutsiyar nan da nake bari a sama. Aka miƙo mini aka ce hannuna ne? Na ce nawa ne.

Amma ni ba zagayen nake kallo ba. A saman hoton akwai babban yatsa, ya ɗage shafin watan da ya gabace shi don a ga na ƙasa. Wato tun watan bai kama ba aka ɗauki hoton. Farcen yatsan a tsage yake gida biyu.

Ƙofar mota ce ta datse shi ranar da Yaya ta kai ni makarantar kwana, tana fito mini da bokiti. Ina shekara goma sha biyu. Jini na zuba tana ce mini kar in yi kuka 'yan aji su raina ni. Farcen bai ƙara fitowa daidai ba.

Madam ta ba da shaidarta, har ta sa alƙali murmushi da zancen kwali arba'in. Lauya ta yi bayanin cewa zagayen tsammani ne, ba labarin abin da ya faru ba, hoton da kansa ya nuna an yi shi tun kafin watan. Na ji su sama-sama. Alƙali ya ce ranar Litinin zan yi rantsuwa, sannan ya yanke.

Lauya ta ce hoton nan ya taimake mu fiye da yadda ya taimake su. Na ce mata na gode.

Laraba, ƙarfe takwas na safe

Na jira yara suka tafi makaranta, Injiniya ya fita. Yaya na wanke tukunya. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, “Yaya, nuna mini hannunki.”

Ba ta nuna ba. Ta ci gaba da dirzar tukunyar da ta riga ta fita. Sai ta fara magana ba ta juyo ba. Ta ce ya zo wurinta sau uku, ya durƙusa a tsakar gidan nan, namiji da gemunsa yana kuka. Ya yi rantsuwa ba zai ƙara ba. Ta ce ni yarinya ce, ban san zaman mace ba miji ba, yau ina ganin dama-dama ne don ina da ƙuruciya da aiki. Ta ce ita ta ce a bari kar a gaya mini sai zuciyata ta huce, ba ta san zai kai kotu ba, wannan kam ya ba ta kunya. Ta ce Umma ta bar mata ni amana, ba za ta zuba ido in kashe aurena a kan fushi ba.

Na ce, “Ke kika riƙe mini kai likita na duba kunnen nan.”

Ta ce, “Na sani.”

Na ce, “Ke kika wanke jinin rigar.”

Ta ce ta sani, kuma wata rana zan gode mata.

Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini. Da ta ce na ishe ta a gida, ɗakin yaranta take so, da na fahimta. Amma ita har ranta gani take alheri ta yi mini. Wata guda tana kallona ina murna, ta taya ni zaɓen mayafi, ta ce shuɗin ya fi karɓata, alhali a lissafinta matar mutum ce ni.

Na haɗa akwatina. Wannan karon ni na ɗauka.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Ɗakin Madam: katifa, taga ɗaya, ƙusa a bango. Ta ce za ta kawo mini kalandar kamfanin magani in rataya, na ce ta bar ta.

Juma'a, ƙarfe ɗaya na rana

Yaya ta kira sau shida.

Asabar, ƙarfe tara na safe

Ta aiko da shinkafa a kular da na saya mata. Na ba mai gadi. Daga baya na ji haushin kaina, don yunwa nake ji, kuma ba wanda ya iya dafa ta kamar ita.

Abin da ke cina shi ne, duk abin da ya same ni a duniya ita nake fara gaya wa. Yau ma sau biyu ina ɗaukar waya in gaya wa Yaya abin da Yaya ta yi mini.

Litinin, ƙarfe uku na rana

Na yi alwala a famfon bayan kotu, na shiga, na rantse. Tara ga wata, Laraba, da hantsi. Muryata ba ta yi rawa ba, ni kaina na yi mamaki.

Alƙali ya yi dogon bayani, na karkata kai na kama abin da na kama. Ya ce mace ita ake ba gaskiya a kan iddarta, ga rantsuwa, ga shaida. Ya ce ranar sha biyu da mai ƙara ya yi maganarsa, ba matarsa ba ce ni, magana ya yi a kan abin da ba nasa ba. Ya kori ƙarar. Ya ƙara da cewa wanda ke son mace ta dawo, ita ya kamata ya fara gaya wa. Wancan ya fita da sauri har ya manta hularsa a benci.

Kwana biyar. Da jikina ya bi jan birona, da yanzu ina cikin motarsa.

Madam ta rungume ni tana cewa gobe ƙarfe takwas, ba hutu. Lauya ta ce in dawo ranar Alhamis in karɓi takardar hukunci, in yi kwafi uku, in ajiye a wurare uku, ta ƙara da cewa, a hannun kaina.

A bakin matakala na ga Yaya. Ban san ta zo ba, a bencin baya ta zauna. Ta sa mayafin Umma. Idonta ya kumbura. Mutane na wucewa ta tsakaninmu, ta matso, ta kama mini hannu da wannan hannun, ta sunkuyo ta sa bakinta a kunnena tana magana a hankali. Ta daɗe tana yi. Ina jin ɗumin numfashinta, ina jin hawayenta na sauka a wuyana.

A kunnen hagu take maganar.

Ban san haƙuri ta ba ni ba, ko cewa ta yi na yi kuskure. Na tsaya har ta gama, ta ɗago tana jiran amsa. Na ce mata ta gaida yara.

Ban juya mata ɗaya kunnen ba.